Zafin Siyasa da Babin Haƙƙin Ɗan Adam a Jihar Arewa, 1950–1966

A cikin watan Oktoba na 1959, saura wata biyu a yi babban zaɓen da zai kai Nijeriya ga mulkin kai, aka ƙara wa tsarin mulkin ƙasar wani babi wanda ba a taɓa sa irinsa cikin dokokinta ba. Babin nan ya jera abubuwan da Gwamnati ba ta da ikon yi wa mutum ko da tana ƙin sa: kada a kashe shi ba da hukuncin shari'a ba, kada a azabtar da shi, kada a tsare shi ba dalili, kada a hana shi addininsa, ko faɗin ra'ayinsa, ko taruwa da waɗanda ya ga dama. Da aka sami mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960, sai ya zama Babi na Uku na sabon tsarin mulki. Daga nan ƙasashe da yawa da Ingila ta saki, irin su Saliyo da Uganda da Kenya da Jamaika, suka ɗauki samfurinsa.

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta bi sawun babin nan a Jihar Arewa, domin rikicin Arewa yana cikin manyan dalilan da suka haife shi, a Arewa kuma aka fara gwada ƙarfinsa. Tambayar ita ce: me rubutaccen haƙƙi ya iya yi, me kuma ya kāsa, a lokacin da 'yan siyasa suka daina ganin juna abokan hamayya suka koma ganin juna maƙiya?

Kalmomi uku

Kafin a shiga labarin ya kamata a tsaya kan kalmomi uku, don su ne makaman da aka yi faɗan da su.

Ta fari ita ce *'yanci*. Asalinta daga *ɗa* da *'ya'ya* ne, watau matsayin wanda aka haifa ɗa, ba bawa ba. A zamanin da ake magana a kai wannan ma'ana ba ta tsufa ba. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne, amma sai a 1936 aka soke bauta ɗungum a Arewa. Saboda haka talakan da ya ji ɗan siyasa yana kiran 'yanci a 1950, ba wata magana ta littafi ya ji ba. Ya san tsofaffin da aka saya, ya san waɗanda suka fanshi kansu.

Ta biyu ita ce *haƙƙi*. Wannan ta zo ta hanyar malamai, tana kuwa da nauyin Lahira a kanta. In Bahaushe ya ce haƙƙin wane ba zai bar wane ba, nufinsa akwai bashin da ba ya faɗuwa ko da alƙalin duniya ya kau da kai. Littattafan shugabannin jihadi, kamar *Kitabul Farƙ* na Shehu Usmanu da *Liya'ul Hukkam* wanda Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa mutanen Kano, sun yi dogon bayani kan abin da ya wajaba ga mai mulki game da talakawansa, da irin zaluncin da aka hana shi. 'Yan hamayyar Arewa sun riƙa jingina da waɗannan littattafai ƙwarai.

Ta uku ita ce *siyasa* kanta. A tsohuwar Hausa, mai siyasa shi ne mai lallashi, wanda ya iya zama da mutane, mai sassauta hukunci. A wurin malaman fiƙihu kuma siyasa ita ce ikon da aka bar wa sarki na yin hukunci bisa ga abin da ya ga zai gyara jama'a, ko da ba a ambaci laifin a littafi ba. Cikin shekara goma kalmar ta juya, har ta zama in an ce siyasa ta shiga gida, to, ana nufin zumunci ya fita. Yadda aka yi ta juya shi ne rabin farko na labarin nan.

Yadda hamayya ta zama ƙiyayya

An kafa Jam'iyyar Neman Sawaba, watau NEPU, a Kano ran 8 ga Agusta 1950, Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar ma'aikata da 'yan boko, ta zama jam'iyyar siyasa, NPC, a watan Oktoba 1951. Kirarin waɗancan Sawaba, na waɗannan Salama. NEPU ta ce al'ummar Arewa kashi biyu ce, masu sarauta da talakawa, ba kuwa gyara sai an karɓe mulkin En'e daga hannun sarakuna an mai da shi ga zaɓaɓɓu. NPC ta ce Arewa ɗaya ce, gyara kuma sai a hankali, tare da sarakuna, don kada 'yan Kudu su sami ƙofa.

Saɓanin ra'ayi irin wannan ba abin mamaki ba ne a ko'ina. Abin da ya sa na Arewa ya yi muni shi ne inda iko yake. A wancan zamani En'e ce ke da 'yan doka, ita ke da gidan yari, ita ke ɗaukar alƙali ta biya shi albashi, ita kuma ke ba da takardar iznin yin lacca. Manyan ma'aikatan En'e kuwa, da hakimai da 'yan majalisar sarki, su ne mafi yawan jigogin NPC. Ashe ke nan wanda ake suka a dandalin lacca shi ne zai ba da iznin laccar, yaransa za su kama mai sukar, alƙalinsa zai yi shari'a, gidan yarinsa za a kai mutum. Lauya ba shi da ikon tsayawa a gaban alƙali. Laifin ma sau da yawa ba rubutacce ba ne. Zagin sarki, ko raina hakimi, ko taro ba izni, ya isa a yi wa mutum bulala ko a ɗaure shi watanni. Ban da wannan akwai hanyoyin da ba su kai gaban alƙali ba: a ƙara wa mutum haraji, a ƙwace masa rumfar kasuwa, a kore shi daga gari. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta jagoranci matan NEPU, an ɗaure ta sau da yawa, an kuma kore ta daga Kano a 1953.

Zaɓe ma bai zama mafita ba da fari. A 1951 zaɓen hawa-hawa aka yi. NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da yake En'e tana da ikon cusa nata mutane a mataki na ƙarshe, ko mutum ɗaya na jam'iyyar bai isa Majalisar Kaduna ba. Wanda aka toshe wa ƙofa kuwa, katanga yakan duba.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin zafin duka a gefe guda. A Kano, wajen 1953, aka sami ƙungiyar da ake kira 'Yan Mahaukata, masu dūkan 'yan NEPU da tarwatsa laccarsu. NEPU ita ma ta tara nata samari masu ramawa. Mawaƙan kowane gefe sun zuba baiti masu zafi, waɗansu na tona asiri, waɗansu na cin mutuncin iyaye. Mafi muni shi ne da aka jawo addini ciki. Wannan ya ce wanda ya yi wa sarki tawaye ya saɓa wa Allah, wancan ya ce wanda ya bi azzalumi shi ne ya saɓa. Da magana ta kai nan sai aka ga aure ya mutu saboda jam'iyya, wa da ƙane sun daina gaisawa, mutum ya ƙi bin limamin unguwarsu. Wannan shi ne ainihin tsananin siyasa: a fitar da abokin hamayya daga cikin mutanen da haƙƙinsu ke kan mutum. Da zarar an yi haka, dūkansa ya zama aikin lada a idon mai dūka.

Tarzomar Kano ta 1953 ta nuna inda wannan hanya take zuwa. Ran 31 ga Maris na shekarar, Anthony Enahoro ya kawo shawara a Majalisar Wakilai a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya nemi a gyara ta zama sa'ad da hali ya yi. Da wakilan Arewa suka fito, taron jama'a ya yi musu ihu da zagi, suka komo gida da ɓacin rai. A watan Mayu S. L. Akintola ya shirya zuwa Kano da ayarin Action Group don yin lacca. Ran 16 ga wata faɗa ya tashi tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi. Ƙididdigar Gwamnati ta ce mutum 36 suka mutu, 241 suka yi rauni. Mafi yawan 'yan Kudun da abin ya rutsa da su Ibo ne, alhali kuwa jam'iyyar da ta shirya laccar ta Yarabawa ce galibi. Wutar da aka hura don wani, wani dabam ta ci.

Kwamitin Willink

A taron tsarin mulki da aka yi a Landan bayan tarzomar, Action Group ta nemi a rubuta haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Sakataren Ƙasashen Mallaka na lokacin, Oliver Lyttelton, ya ƙi. Ra'ayin lauyoyin Ingila a zamanin nan shi ne, irin wannan rubutu ado ne kawai, abin da ke tsare mutum shi ne majalisa da alƙalai da halin jama'a. Abin mamaki kuwa, Ingila tana cikin waɗanda suka tsara Yarjejeniyar Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wadda aka sa wa hannu a Rum ran 4 ga Nuwamba 1950. Mutanen Turai sun yi ta ne don sun ga yadda jam'iyyar Hitler ta hau mulki a Jamus a 1933, ta dakatar da haƙƙoƙin da ke cikin tsarin mulkin ƙasar cikin 'yan makonni, ta ɗaure abokan hamayyarta, daga baya ta hallaka miliyoyin mutane.

Da mulkin kai ya matso, sai tsoro ya tashi daga wani wuri. Kowace jiha daga cikin ukun tana da babbar ƙabila da jam'iyyarta, ƙananan ƙabilu kuwa suka ce in Bature ya tafi ba su da mai raba su da manya. Suka nemi a yanka musu jihohinsu. A Arewa masu wannan kira su ne mutanen Tsakiyar Nijeriya, da jam'iyyarsu UMBC, da kuma Yarabawan Ilori da Kabba waɗanda wasunsu ke so a haɗa su da Jihar Yamma. Saboda haka a watan Satumba 1957 aka naɗa kwamitin bincike, Sir Henry Willink ne shugaba, tare da Gordon Hadow da Philip Mason da J. B. Shearer. Suka zaga ƙasar suna sauraron shaidu, suka ba da rahotonsu a 1958.

Kukan da suka ji a Arewa ya koma kan abubuwa kaɗan: tsoron a danne wa wanda ba Musulmi ba addininsa, tsoron kotunan alƙalai, da tsoron yadda ake amfani da 'yan doka a kan 'yan hamayya. Kwamitin bai yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, don a ganinsa kowace sabuwar jiha za ta haifi nata 'yan tsiraru, aikin kuma zai jinkirta mulkin kai. Maimakon haka ya ba da shawarar a ƙarfafa 'yan sandan tarayya, a kuma rubuta haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki bisa samfurin Yarjejeniyar Turai. Kwamitin bai ruɗi kansa ba. Ya faɗa a fili cewa Gwamnatin da ta ƙudura niyyar barin tafarkin dimokuraɗiyya za ta sami hanyar keta irin wannan doka. Amfaninta, in ji shi, shi ne ta kafa ma'aunin da wanda aka zalunta zai kai kuka gare shi, ta kuma hana lalacewar da ke zuwa kaɗan-kaɗan. Taron Landan na 1958 ya karɓi shawarar. NEPU ta goyi bayanta, tun da 'ya'yanta ne suka fi shan wuya. Gwamnatin Sardauna ma ta yarda, don babi a takarda ya fi mata sauƙi bisa a yanke mata rabin ƙasa.

A shekarar nan ta 1958 Gwamnatin Arewa ta gayyato masana shari'a su duba kotunanta, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikinsu akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa J. N. D. Anderson na Landan, da Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Alƙalin Alƙalan Bida, Malam Musa. Shawararsu ce ta haifi kundin dokokin laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki ran 30 ga Satumba 1960, ana gobe mulkin kai.

Ƙofofin da aka bari a buɗe

Wanda ya karanta Babi na Uku da natsuwa zai ga kusan kowane haƙƙi da aka bayar da hannun dama, an bar ƙofar karɓe shi da hagu. Bayan an ambaci 'yancin magana, ko na taro, ko na zirga-zirga, sai a biyo da sharaɗi cewa wannan bai rushe dokar da ta dace da hankali a ƙasar dimokuraɗiyya ba, in an yi ta don tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko lafiyar jama'a. Waɗansu ƙofofin kuwa don Arewa aka sassaƙa su. An ce wanda ake tuhuma yana da ikon ɗaukar lauya, amma aka ware kotunan alƙalai. An hana azaba da wulaƙanci, amma aka ce duk horon da yake halal bisa doka da al'ada a wani yanki ran 1 ga Nuwamba 1959 yana nan. Ƙuri'a ba ta cikin jerin haƙƙoƙin, don haka matan Arewa ba su jefa ta ba a 1959, ba su kuwa same ta ba sai a 1976. Abin da ya fi duka, 'yan doka da gidan yari da alƙalai suna nan a hannun En'e yadda suke.

Duk da haka akwai aya guda da ta yi aiki na gaske. Babin ya ce ba za a hukunta mutum kan laifi ba sai laifin nan da horonsa suna rubuce cikin doka. Da aka haɗa wannan da sabon kundin laifuffuka, sai ikon siyasa irin na fiƙihu, wanda mai mulki ke ƙirƙiro laifi da shi a zaune, ya faɗi a bisa doka. Alƙali zai iya karkata hukunci har yanzu, amma dole ya nemi sashen da zai rataya shi, abin da aka rataya a sashe kuwa ana iya ɗaukaka ƙara a kansa.

A gaban joji

Zaɓen 12 ga Disamba 1959 ya ba NPC kujeru 134 daga cikin 312, NEPU ta sami 8, Malam Aminu Kano yana cikinsu. Ba a daɗe ba aka fara kai babin kotu.

Gwajin farko daga Kano ya fito, a shari'ar da aka sani da sunan Cheranci, a 1960. Majalisar Arewa ta yi doka a 1958 wadda ta hana yaran da ba su kai shekara 16 ba shiga harkar siyasa, ta kuma sa horo ga wanda ya zuga su. Kowa ya san jam'iyyar da ta fi tara yara da almajirai a laccarta. Wani da aka hukunta da dokar ya kai ƙara Babbar Kotu, ya ce ta keta 'yancin magana da na taro. Mai Shari'a Bate ya yarda ta taɓa 'yancin, amma ya ce ta dace da hankali, don kāre tarbiyyar yara da zaman lafiya. A 1961 J. S. Olawoyin, ɗan Action Group daga lardin Ilori, ya sake kai ƙarar dokar nan, yana cewa tana hana shi koya wa 'ya'yansa siyasa. Kotun Ƙoli ta ce ba shi da hurumin ƙara tun da ba a kama shi ba tukuna. A shekarar nan kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar cin amanar Gwamnati da baki, wadda aka gada daga Turawa, a shari'ar Dokta Chike Obi, masanin lissafi kuma ɗan majalisa, saboda wata ƙasida da ya rarraba yana sukar ministoci.

Akwai lokacin da babin ya ciji Gwamnati a fili. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma ran 29 ga Mayu 1962, kantoman da aka naɗa, Dokta Majekodunmi, ya killace babban lauya Rotimi Williams a Abekuta. Kotun Ƙoli ta duba ta ce ba a nuna dalilin da ya isa ba, ta soke umarnin. Amma mai karatu zai lura, wanda ya ci wannan nasara lauya ne mashahuri mai hanyar zuwa Ikko. Manomin da hakimi ya sa aka ɗaure a ƙauye saboda tauraron NEPU a rigarsa bai san ƙofar Babbar Kotu ba, ba shi kuma da kuɗin mota, balle na lauya.

Abin da ya faru a maƙwabta

Don a auna babin da adalci, sai a dubi ƙasashen da ba su da irinsa. A Gana, Gwamnatin Nkrumah ta yi dokar tsare mutum ba shari'a a 1958, har shekara biyar. A 1961 Dokta J. B. Danquah ya tsaya wa Baffour Akoto da 'yan'uwansa a Kotun Ƙoli, yana jingina da alkawarin kiyaye haƙƙin jama'a da shugaban ƙasa ke yi sa'ad da ya hau mulki. Kotu ta ce wannan alkawari ba doka ba ne da za a tilasta. Danquah kansa aka tsare shi, ya mutu a kurkukun Nsawam a watan Fabrairu 1965. A Nijar kuma, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda take da zumunci da NEPU har a suna, an haramta ta a watan Oktoba 1959. Da aka toshe mata hanyar ƙuri'a sai ta ɗauki bindiga. 'Yan tawayenta suka shigo ƙasar a 1964, aka murƙushe su, aka harbe waɗansu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilu 1965 aka jefa gurneti a filin idin Babbar Salla da nufin kashe Shugaba Diori Hamani. Tsananin mai mulki ya haifi tsananin ɗan hamayya, kowane kuma ya zama hujjar ɗan'uwansa.

A Nijeriya ma an so a bi hanyar Gana. A taron shugabannin jam'iyyu na watan Yuli 1963, sa'ad da ake shirin zama jamhuriya, aka kawo shawarar dokar tsare mutum ba shari'a. Jaridu da ƙungiyar lauyoyi da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca a kai, aka janye ta. A nan ne maganar Willink ta tabbata: ma'auni yana nan a rubuce, jama'a suka ɗauka suka auna shawarar da shi, suka ga ba ta cika ba. NEPU kuwa, duk da wahalar da ta sha, ba a taɓa haramta ta ba har sojoji suka rushe jam'iyyu duka a 1966.

Ƙarshen al'amari

Amma rubutu bai sanyaya zukata ba. A ƙasar Tibi, inda jama'a ke bin UMBC ta Joseph Tarka, En'e kuwa take hannun NPC, matsin ya fashe da ƙone-ƙone a 1960, ya sake fashewa da kashe-kashe a 1964 har sai da aka tura soja. A Kano, bayan Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963 ya koma Azare, magoya bayansa da suka kafa jam'iyyarsu suka ɗanɗana irin kamu da ɗaurin da 'yan NEPU suka saba sha. Igiyar da aka tuƙa don wani ba ta tambayar sunan wanda za ta ɗaure. A zaɓen 30 ga Disamba 1964 'yan takarar NPC da yawa suka wuce ba hamayya, domin abokan karawarsu sun kāsa miƙa takardunsu, 'yan hamayya kuma suka ƙaurace wa zaɓen. Ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu hafsoshin soja, waɗanda suka ɗauka bindiga za ta gyara abin da ƙuri'a ta kāsa, suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Akintola da Okotie-Eboh da manyan sojoji. A watan Mayu, da kuma Satumba da Oktoba na shekarar, aka kashe dubban 'yan Gabas mazauna garuruwan Arewa, waɗanda ba su da hannu cikin abin da ya faru. Yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970.

Gyaran da aka ƙi yi cikin lumana, a hannun soja aka yi shi. Ran 27 ga Mayu 1967 aka raba ƙasar jihohi 12, abin da Willink ya ƙi. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna daga hannun En'e aka mai da su ga Gwamnatin jiha, aka kuma haɗe 'yan doka da gidajen yari da na tarayya. Babin kansa ya rayu. Ya dawo a matsayin Babi na Huɗu a tsarin mulkin 1979, haka kuma a na 1999. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Inugu, cikin shari'ar Arthur Nwankwo, ta ce dokar nan da aka kama Chike Obi da ita ba ta dace da 'yancin magana ba.

Abin da tarihin nan ya nuna a fili yake. Haƙƙin da aka rubuta yana bukatar abu biyu kafin ya tsare talaka. Na fari, mai kamu da mai shari'a da mai tsaron kurkuku kada su zama yaran wanda ake ƙara. Na biyu, masu jayayya su yarda cewa abokin hamayya, kome ɓatansa a ganinsu, mutum ne mai haƙƙi a kansu. Na farin doka tana iya kawo shi, ta kuwa kawo, ko da yake a makare. Na biyun ba majalisar da ke iya zartar da shi. A gida da makaranta ake koyonsa, tun daga yadda malami ke bi da yaron da ya yi masa gardama a aji. Hausawa sun riga sun san shi tun kafin Willink ya zo, tun lokacin da suke kiran mai sassauci da iya zama da mutane mai siyasa.